Saba tana nauyi, ana zargin faifai: tambayoyi da amsoshi kan bin diddigin jinkiri a cikin kenel

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu kula da saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita, a ƙananan asibitoci, ɗakunan kwamfuta na sakandare da cibiyoyin jarrabawa a ƙauyukan da ke kewayen Gumel, Ringim, Birnin Kudu, Rano da Bichi. A irin waɗannan wurare mutum ɗaya ne injiniya, shi ne mai tada janareta, shi ake ƙwala wa kira idan allo ya daskare. Amsoshin na Linux ne, kuma kusan duk umarnin da ke ciki sai da `sudo`. Kenel kuwa shi ne zuciyar Linux, wanda ke tsakanin manhajoji da na'ura.

1. Mene ne jinkirin faifai, kuma da me ya bambanta da gudun da ake rubutawa a jikin kwali?

Jinkiri shi ne tsawon lokacin da buƙata guda take ɗauka, daga sa'ad da manhaja ta ce a karanto mata abu ko a rubuta, zuwa sa'ad da aka ce mata an gama. Da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Abin da ke jikin kwali kuwa, megabait kaza a sakan, yawan kayan da faifai zai kwashe ne idan bayanan suna jere wuri ɗaya. Rumbun bayanan marasa lafiya ba haka yake aiki ba. Kilobait 4 ko 8 yake tsinta nan, ya tsinci wani can, kuma sau da yawa sai na farko ya iso yake neman na biyu.

Duk wanda ya taɓa aiken yaro niƙa ranar kasuwa ya san lissafin. Yaro ya yi awa guda bai dawo ba, alhali injin bai yi minti uku a kan kwaryarsa ba, sauran lokacin duk a layi ya tafi. Kafin ka ga laifin mai inji sai ka san nawa ne na layi, nawa ne na niƙa. Akwai kuma kaso na uku da ake mantawa da shi: lokacin da ke salwanta tun buƙata ba ta kai ga shiga layi ba, wanda tambaya ta 10 ta yi bayaninsa.

2. Milisakan nawa ne lafiya?

Ya danganta da irin faifan. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya a milisakan 8.3, don haka yakan jira kimanin rabin haka, 4.2, kafin wurin da ake nema ya zo ƙarƙashin allura. Mai juyi 5,400, irin na laftof, zagayensa milisakan 11.1 ne, rabinsa 5.6. Ka ƙara lokacin da allurar ke yi tana matsawa, sai ka samu milisakan 10 zuwa 15 ga kowace buƙata da ke warwatse. Wato da ƙyar irin wannan faifai zai wuce buƙata ɗari a sakan. SSD ba shi da abin da ke motsi, karatunsa yakan tsaya ƙasa da milisakan ɗaya, NVMe, wani nau'in SSD, ya fi haka sauri. Saboda haka milisakan 12 a faifai mai juyawa ba komai ba ne, a SSD kuwa alamar ciwo ce.

3. Ta yaya zan tabbatar faifai ne, ba RAM ba?

Fara da `vmstat 1` a daidai lokacin da ake kuka. Gurbin `b` yana ƙirga ayyukan da suka maƙale suna jira, gurbin `si` da `so` kuma suna nuna ko kenel na kwashe abin da ke RAM zuwa faifai saboda ƙarancin wuri. Idan `si` da `so` ba sa zama a sifiri, to faifan wahalar da ba tasa ba yake sha, ƙarin RAM ne maganin. A `top` ko `ps`, aikin da ke ɗauke da harafin D shi ne wanda ya kwanta barcin da ba a iya tashinsa, kuma galibi ajiya yake jira.

Gurbin `wa` ne ya fi ruɗar mutane. Ba ya auna wahalar faifai kai tsaye, lokacin da furosesa ke zaune ba aiki ne alhali akwai buƙatar da ba ta dawo ba. Idan furosesa ta samu wani aikin yi, `wa` zai sauka ko da faifan na nan yana nishi. Abin da ya fi shi amfani shi ne `cat /proc/pressure/io`, wanda ya shigo Linux a 4.20 a ƙarshen 2018. Layin `some` yana faɗin kaso nawa na lokaci aƙalla aiki ɗaya ya tsaya jiran ajiya, layin `full` kuma lokacin da duk masu son yin aiki suka tsaya gaba ɗaya, a sakan 10, 60 da 300 da suka wuce.

4. `iostat` ya nuna `%util` ya kai 100. Faifan ya cika kenan?

Ba lallai ba. `%util` kason lokacin da faifai ke riƙe da aƙalla buƙata ɗaya ne. A faifai mai juyawa, wanda allurarsa wuri ɗaya take iya kasancewa, 100 na nufin ya kusa ƙurewa. SSD na SATA kuwa yana karɓar buƙata har 32 a lokaci guda, NVMe yana da layuka da yawa, don haka zai iya nuna 100 alhali ko rabin ƙarfinsa bai taɓa ba.

Ka buga `iostat -xz 1`, ka yi watsi da rahoton farko domin lissafi ne tun daga kunna na'ura. Ka sa ido a kan `r_await` da `w_await`, wato matsakaicin jinkirin karatu da na rubutu, haɗe da zaman layi, sai `aqu-sz`, tsawon layin. Tsofaffin darussa suna maganar `svctm`. An cire shi daga sababbin fitowar sysstat saboda ba abin dogaro ba ne, kada ka ɓata lokaci nemansa.

5. `await` bai yi yawa ba, amma ma'aikata sun dage cewa manhaja na daskarewa. Wa ke da gaskiya?

Ma'aikatan. Matsakaici yana haɗiye abin da mutum ke ji a jikinsa. Ɗauki buƙata 1,000: 995 sun dawo a milisakan ɗaya-ɗaya, biyar kuma kowace ta yi sakan biyu. Matsakaicinsu kusan milisakan 11 ne, adadin da ba zai tada hankalin kowa ba. Amma mai ba da kati ta tsaya sau biyar tana kallon allo, layi na ƙaruwa a gabanta.

Abin da ke fallasa wannan shi ne `biolatency`, ɗaya daga kayan aikin BCC da Brendan Gregg ya rubuta a kan eBPF, wata fasaha da ke ba da damar leƙa abin da ke gudana a cikin kenel. A Ubuntu da Debian suna cikin `bpfcc-tools`, kuma sunayensu na ƙarewa da `-bpfcc`. Umarnin `biolatency-bpfcc -mD 10 6` zai ba ka jadawali shida, kowane na sakan 10, faifai-faifai, an kasa jinkirin gida-gida: 0 zuwa 1, 2 zuwa 3, 4 zuwa 7, 8 zuwa 15, haka yana ninkuwa. A faifai mai juyawa ba abin mamaki ba ne ka ga tudu biyu, ɗaya a ƙasa na abin da faifan ya amsa daga ƙaramar ma'ajiyarsa, ɗaya wajen 8 zuwa 15 na abin da sai da allura ta je. Abin nema shi ne can ƙasan jadawalin, gidajen 512 zuwa sama. Ko biyu ka gani a can, su ne daskarewar.

Yadda yake a asali, `biolatency` daga miƙa wa faifai zuwa dawowa yake aunawa. Idan ka ƙara `-Q` sai ya haɗa da zaman layi a cikin kenel. Gudanar da shi da `-Q` da kuma babu, ka gwada biyun, ita ce hanya mafi sauƙi ta raba lokacin layi da na faifai ba tare da ka shiga aikin tambaya ta 7 ba.

6. Wace hanya buƙata ke bi a cikin kenel kafin ta kai faifai?

Manhaja ta nemi karatu. Kenel zai fara duba ma'ajiyar wucin gadi da ke RAM, idan abin na nan shi kenan, faifai bai ma san an yi ba. Idan babu, tsarin fayil, ext4 ko XFS, zai lissafa a wace sekta, wato ƙaramin gurbi a jikin faifai, bayanin yake, ya haɗa wata 'yar takardar buƙata da ake kira `bio`. Idan akwai LVM ko RAID na manhaja a tsakani, wato tsarin da ke haɗa faifai ko rarraba shi, za su sauya adireshin zuwa na ainihin faifan. Daga nan sai sashen bulo, inda ake haɗe buƙatun da ke maƙwabtaka su zama ɗaya, mai tsara layi ya jera su, direba, wato manhajar da ke magana da faifan, ya miƙa wa na'ura. Idan faifai ya gama sai ya sanar, a tashi manhajar da ke jira.

Sashen bulo na yanzu, blk-mq, aikin Jens Axboe ne da abokan aikinsa. Ya shigo a 3.13 a farkon 2014, aka cire tsohon mai layi ɗaya a 5.0 a 2019. Duk darasin da ka ga yana cewa ka zaɓi `cfq` ko `noop`, na kafin wannan sauyi ne.

7. Yaya ake amfani da `blktrace`, kuma me haruffan nan ke nufi?

`blktrace` na Jens Axboe ne shi ma, yana cikin Linux tun 2.6.17 a 2006, kuma yana rubuta kowane mataki da buƙata ta taka a sashen bulo. Ka shiga wata jaka da ba a kan faifan da kake bincike take ba, filasha ko `/dev/shm`, domin in ka rubuta sakamakon a kansa, rubutun naka zai shiga cikin abin da kake aunawa. Sai ka buga `blktrace -d /dev/sda -w 30`, ya ɗauki sakan 30. Bayan nan `blkparse -i sda -d sda.bin > sda.txt`. Ga misalin layuka uku na buƙata ɗaya:

```
8,0  1  12  0.004211530  2210  Q  R 5230848 + 8 [postgres]
8,0  1  15  0.004260113  2210  D  R 5230848 + 8 [postgres]
8,0  1  16  0.016902447     0  C  R 5230848 + 8 [0]
```

8,0 lambar `sda` ce. Sai lambar furosesa, lambar jeri, lokaci a sakan, lambar aikin, sannan harafin mataki. Q shigowa layi, G samun gurbin buƙata, M haɗewa da wata, I shiga hannun mai tsara layi, D miƙa wa direba, C kammalawa. R na gaba karatu ne, W rubutu, idan S ta biyo baya ana jiran sakamakon, M a wannan gurbin bayanan tsarin fayil ne. 5230848 sekta ce, `+ 8` kuma sekta takwas masu bait 512, wato kilobait 4. Da lambar sekta ake gane layukan buƙata ɗaya a cikin dubbai. A nan daga Q zuwa D bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na milisakan ba, daga D zuwa C kuma milisakan 12.6. Babu layi, faifan ne ya ci lokacin, kuma in mai juyawa ne, lafiyarsa ƙalau bisa lissafin tambaya ta 2.

8. Layukan sun yi yawa. Akwai abin da zai tattara su?

Akwai `btt`, yana zuwa tare da `blktrace`. `btt -i sda.bin` zai ba ka mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma na kowane zango. Q2C shi ne dukan tafiyar, D2C kason direba da faifai, I2D zaman jira a hannun mai tsara layi, Q2G jiran samun gurbi. Idan D2C ya kusa cinye Q2C, ka wuce zuwa tambaya ta 11 da ta 12. Idan I2D ko Q2G ne suka kumbura, an yi wa faifan lodin da ya fi ƙarfinsa ne, sai ka nemo mai lodin a tambaya ta 9. Ka riƙa duba gurbin MAX kafin AVG.

Hattara ɗaya dai. D2C ba faifai zalla ba ne, ya haɗa da waya, kwantirola, da layin da ke cikin faifan kansa. Idan kenel ya tura masa buƙata 32 a tare, ta ƙarshe za ta nuna D2C mai tsawo ko da faifan sabo ne fil. Kafin ka yanke masa hukunci, ka sake aunawa lokacin da ba kowa a kan saba.

9. Ta yaya zan san wace manhaja ce ke cika layin?

`biosnoop-bpfcc` yana fitar da layi ɗaya ga kowace buƙata: sunan aiki, lambarsa, faifai, sekta, girma da jinkiri. Da `-Q` zai ƙara gurbin zaman layi. `biotop-bpfcc` yana jera masu yawan lodi a sama, `pidstat -d 1` ma yana taimakawa idan BCC bai samu ba.

Wajen karatu sunan da ka gani galibi shi ne mai laifin. Wajen rubutu kuwa za ka yi ta ganin `kworker` da `jbd2`. Ba su ne suka ƙirƙiri rubutun ba. Manhaja ta zuba bayananta a RAM ta yi gaba, daga baya `kworker` ya zo ya kwashe zuwa faifai, `jbd2` kuma shi ke rubuta kundin ext4, inda ake fara rubuta sauye-sauyen tsarin fayil. Don gano ainihin mai rubutun sai ka hau sama da sashen bulo, ka duba `pidstat -d` ko kayan aikin tambaya ta 10.

10. Faifai na amsawa da sauri a duk ma'aunan nan, amma ajiye bayani a manhaja na ɗaukar sakanni. Ina lokacin ke tafiya?

Sama da sashen bulo. `ext4slower-bpfcc 10` zai nuna duk karatu, rubutu, buɗe fayil ko `fsync` da ya wuce milisakan 10, da sunan fayil ɗin da na manhajar. Wannan ma'aunin ya fi kusa da abin da mai amfani ke ji. Akwai `xfsslower` ga masu XFS. Idan harafin S ne ya cika allon, `fsync` ne: rumbun bayanai ya ce ba zai ci gaba ba sai an tabbatar masa abin ya sauka a faifai. A ext4 wannan na iya jiran kundi, kundin kuma na iya jiran rubutun wata manhaja dabam da ba ruwanta da kai.

Abin da ya fi jawo haka a wurarenmu shi ne kwafe bayanai zuwa filasha ko faifan USB ana tsakar aiki. Kenel yana barin rubutu ya taru a RAM. A saitin asali, idan ya kai kashi 10 na RAM da ke akwai sai a fara kwashewa a bayan fage, idan ya doshi kashi 20 sai a fara taka wa masu rubutu birki. Waɗannan su ne `vm.dirty_background_ratio` da `vm.dirty_ratio`. A saba mai gigabait 16, wannan tari ne babba, filasha mai arha kuma za ta daɗe tana haɗiyarsa. Ka buga `grep -e Dirty -e Writeback /proc/meminfo` lokacin daskarewar ka gani da idonka. Rage iyakar ta `vm.dirty_background_bytes` da `vm.dirty_bytes` yakan sassauta, amma ɗage kwafin zuwa bayan tashi ya fi sauƙi.

Za ka ci karo da masu cewa ka kashe `fsync` a rumbun bayanai don ya yi sauri. Zai yi saurin kam. Amma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batirin inbata kuma ya tsufa, wannan shawara ce ta rasa bayanan wata guda a dare ɗaya. Ban yarda a yi ta a kan bayanan asibiti ko na ɗalibai ba.

11. D2C ne ya yi yawa. Faifan ya mutu kenan?

Duba `dmesg -T` tukuna. Idan ka ga `exception Emask`, `failed command: READ FPDMA QUEUED` ko `hard resetting link`, kenel ya yi ta fama da na'urar. Adadin da ya kamata ka haddace shi ne 30: sakan 30 kenel ke jiran faifan SATA kafin ya fid da rai ya sake tada layin, yana nan a `/sys/block/sda/device/timeout`. Daskarewar da ke kai kusan rabin minti sannan komai ya dawo daidai, sau da yawa wannan ce. Saƙon `blocked for more than 120 seconds` kuma yana nufin wani aiki ya yi minti biyu a halin D.

Sai `smartctl -a /dev/sda`, wanda ke karanto SMART, wato rahoton lafiya da faifai ke ajiyewa da kansa. Lamba 5 sektocin da suka lalace aka sauya musu wuri, 197 waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci, 198 waɗanda ba su gyaru ba. Idan 197 ta bar sifiri, ka kwashe bayananka yau, bincike ya biyo baya. Faifan da aka yi don kwamfutar gida yakan daɗe yana sake gwada sekta mai ciwo, shi ya sa buƙata ɗaya ke cin sakanni. Lamba 199 kuwa ba ta faifai ba ce, kurakuran da ke faruwa a kan waya ne. Idan ita kaɗai ke hawa, ka cire wayar SATA, ka busa ƙurar hunturu da ta taru a bakinta, ko ka sauya ta. An sha sayen sabon faifai saboda wayar da kuɗinta bai kai na cajin waya na mako ba.

12. SMART ba ta nuna komai ba, amma jinkirin na zuwa yana tafiya. Zafi ko wuta na iya jawo shi?

Sosai. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa a Kano da Jigawa, ɗakin saba kuma sau da yawa rufin kwano ne ba sili. NVMe idan ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. `nvme smart-log /dev/nvme0` yana nuna zafinsa da kuma tsawon lokacin da ya yi sama da iyakar gargaɗi. A faifan SATA, lamba 194 ce. Idan jinkirin daga azahar zuwa la'asar yake zuwa, ya tafi da magariba, ka auna zafi kafin komai.

Wuta ma haka. Lokacin sauyawa daga sola zuwa janareta, ko inbata ta yi rauni, faifai na iya yankewa ya dawo, sai ka ga `hard resetting link` a daidai wannan minti. Ka riƙa rubuta lokacin sauya wuta a takarda ka gwada da `dmesg -T`. Lamba 192 tana ƙirga sau nawa allura ta janye da gaggawa saboda yankewar wuta. Faifan USB kuma yana kwanciya idan an bar shi, tashinsa na ɗaukar sakanni, shi ya sa buƙatar farko bayan shiru ke daɗewa.

Girgiza ma tana taɓa faifai mai juyawa. A 2008 Brendan Gregg, yana kamfanin Sun a lokacin, ya yi ihu a gaban jerin faifai, ma'auni ya nuna jinkirinsu ya yi tsalle nan take. Idan ihu ya isa, to janaretan da ke jingine da bangon ɗakin fa? Akwai kuma faifai irin SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna. Yana karɓar rubutu da sauri har ma'ajiyarsa ta cika, daga nan sai jinkiri ya haura sakan. Ka nemi lambar samfurin faifanka ka tabbatar ko irinsa ne.

13. Kullum da safe saba ke nauyi, zuwa hantsi ta warware. Me ke faruwa?

Wannan ta ƙauye ce musamman. Linux na da ayyukan da aka tsara su gudana lokacin da ba kowa: `updatedb` mai zagaye duk fayiloli, `logrotate`, sabunta manhajoji, `fstrim` na mako-mako. An tsara su ne da tunanin na'ura ba ta kwana a kashe. Mu kuwa ana kashe saba da yamma don a tanadi batir. `anacron` da agogunan systemd masu `Persistent=true` suna lura cewa an tsallake lokacinsu, sai su tashi jim kaɗan bayan an kunna.

A wani ƙaramin asibiti a Jigawa haka aka yi ta fama. Ƙarfe takwas an kunna saba, mata masu awo sun cika benci, mai rajista na danna suna tana jira. `biotop` ya nuna `updatedb` a saman jeri yana karance faifan kaf, ga RAM ba komai a cikinta saboda yanzu aka tashi, kowane karatu sai an je faifai. Ba abin da ya lalace. `systemctl list-timers` ya nuna jadawalin, aka mayar da ayyukan zuwa bayan azahar lokacin da rana ke cika batir kuma layi ya ragu.

14. Sauya mai tsara layi zai taimaka?

Idan matsalar ta layi ce, wani lokaci. Idan ta D2C ce, a'a. `cat /sys/block/sda/queue/scheduler` zai nuna waɗanda ke akwai, wanda ke aiki yana cikin baka. `mq-deadline` yana sa wa karatu wa'adin milisakan 500, rubutu sakan 5, don kada wani ya dawwama a layi. `bfq`, na Paolo Valente, da `kyber` sun shigo a 4.12 a 2017. `bfq` yana raba faifai tsakanin manhajoji, kuma ya dace da faifai mai juyawa guda ɗaya da ake yi wa rubdugu, musamman in ka haɗa da `ionice -c3` a kan aikin kwafi. NVMe galibi `none` yake amfani da shi, ka bar shi haka. Ka ɗauki jadawalin `biolatency -Q` kafin sauyi da bayansa, in ba haka ba zato kawai kake yi. Sauyin da ka yi da `echo` kuma ba ya tsallake kashe na'ura, sai ka sa shi a dokar udev, mai saita na'urori duk lokacin da aka kunna.

15. Kayan BCC sun ƙi tashi, ga data ba ta isa saukar da su ba. Akwai wata hanya? Kuma bin diddigin ba ya ƙara wa saba nauyi?

BCC na buƙatar `linux-headers` na ainihin kenel ɗin da ke gudana, kuma yana jan LLVM mai nauyin saukarwa. Wani lokaci kuma yakan ƙi aiki saboda ya dogara da sunan wani aiki na cikin kenel da aka sauya a sabon fitowa. Amma ftrace, na Steven Rostedt, yana cikin kenel tun 2008, ba sai ka sauke komai ba. Ka shiga `/sys/kernel/tracing`, ka rubuta 1 a `events/block/block_rq_issue/enable` da `events/block/block_rq_complete/enable`, sannan `cat trace_pipe`. Na farko daidai yake da D, na biyu da C. Ka haɗa su ta lambar sekta ka debe lokutan, kamar yadda aka yi a tambaya ta 7. Idan ka gama ka mayar da su 0.

Batun nauyi, `biolatency` a cikin kenel yake tara lissafinsa, jadawali kawai yake fitarwa, don haka ana iya barinsa ya daɗe. `blktrace`, `biosnoop` da `trace_pipe` kowace buƙata suke rubutawa. A faifai mai juyawa ba wani abu ba ne, a NVMe mai dubban buƙatu a sakan kuwa fayil zai kumbura nan da nan. Sakan 30 zuwa 60 a daidai lokacin matsalar sun wadatar.

16. Sabarmu a cikin VirtualBox take, a kan Windows. Ma'aunan nan na aiki?

Suna aiki, sai dai abin da Linux na ciki ke kira faifai fayil ne a kan Windows. D2C ɗinsa ya haɗa da layin Windows, da riga-kafin bairos da ke leƙa fayil ɗin, da duk abin da wani ke yi a kan kwamfutar. Idan D2C ya yi yawa a ciki, ka buɗe Resource Monitor a waje, sashen faifai, ka duba lokacin amsawa a daidai wannan lokaci. Haka abin yake a KVM ko Proxmox, sai dai can kana iya gudanar da `biolatency` a ciki da waje a tare.

17. Na tabbatar faifan ne. Zan shiga Kano in sayo wani, wataƙila na hannu. Yaya zan gwada shi kafin in biya?

Ka tafi da laftof mai Linux da mahaɗin SATA zuwa USB, ka roƙi mai shago a Beirut Road ya ba ka minti goma. Fara da `smartctl -a`, ka duba 5, 197 da 198, sai lamba 9, awannin da ya yi yana aiki. Ana iya goge waɗannan lambobi, don haka faifan da jikinsa ya sha jiki amma yana nuna awa kaɗan abin tuhuma ne. Sannan `fio --name=gwaji --filename=/dev/sdb --readonly --direct=1 --rw=randread --bs=4k --runtime=60 --time_based`. Ka tabbatar `sdb` shi ne faifan da ake gwadawa, kuma kada ka cire `--readonly`. A sakamakon ka nemi `clat percentiles`, ka duba 99.00th da 99.90th maimakon matsakaici, saboda dalilin da ke tambaya ta 5. Mahaɗin USB na ƙara ɗan jinkiri, amma ba zai mayar da milisakan 15 ya zama 500 ba.

Idan kuɗi sun kai, SSD ko da ƙarami ne ya fi dacewa da rumbun bayanai, a bar mai juyawa ga ajiyar kwafi. Ka nemi a rubuta maka a rasit cewa za ka iya dawo da shi, domin gwajin `smartctl -t long` yana ɗaukar awanni a babban faifai, sai ka koma gida za ka iya yin sa.